Kada Ku Lashe

Bana damina ta sauka da wuri a Talata Mafara. Ruwa bai daɗe da zama ba sai ga tafasa ta rufe kangon da ke bayan gidanmu, kore shar, ko akuya ba ta kula ta. Shekara da shekaru ina wuce wannan kango, in na ga tafasa sai in kau da kai kamar na ga wadda muka yi faɗa. Bana kuwa ni ce nan da kwando da hantsi, ina nishi ina tsinkar kan ganyen mai laushi. Ni Luba, matar mahauci, wadda tun ranar da ta tare tukunyarta ba ta taɓa kwana babu nama ba.

Cikina ne ya kai ni. Ƙiba ta daɗe da zama a jikina, ban kuwa taɓa ɗaukarta ciwo ba, sai da ƙwarnafi ya shigo. Da fari in na ci abu mai maiƙo ne nake jin wuta tana tasowa daga ƙahon zuciya zuwa maƙogwaro. In jiƙa kanwa in sha, in yi gyatsa, in koma kan kwanona. Daga baya kanwa ta daina aiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Da na kai goshi ƙasa tumbi ya danne, sai ruwa mai tsami ya taho mini har hanci, in ɗago ina tari ina hawaye a tsakiyar sujada. Haka na koma salla a kan kujerar roba. Na san Allah yana karɓa, malamai sun faɗa. Amma kullum na idar sai in dubi tabarmar nan da goshina ya daina taɓawa, raina ya ɓaci.

Alhaji, maigidana, shi ya matsa sai na je asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta auna ni, ta danna ciki, ta yi ta tambaya har da abin da nake ci da lokacin da nake kwanciya. Sannan ta ce nauyin jikina ne yake matse cikin yana turo abinci sama, maiƙo kuma yana ƙara wa wutar itace. Magani zai taimaka, amma ba zai yi aikin shi kaɗai ba. A bar kitse da soye-soye, a rage yaji da lemon kwalba, a ci kaɗan-kaɗan a ƙaramin kwano, kada a kwanta da an gama ci. A kuma yawaita ganye.

Na ce, "Wane irin ganye?"

"Duk wanda kika samu, Hajiya. Zogale, rama, alayyafo. Ga damina ta zo, ko tafasa ma."

Na yi wata dariya da ba ta daɗi ba. "Ɗiyata, ki rubuta allura ko guda nawa ta, na yarda. Amma tahwasa, ni da ita mun yi bankwana tun ba a haihe ki ba."

Ba ta yi fushi ba. Ta tambaye ni me nake so in koma yi wanda ciwon ya hana ni. Na ce sujada. Ta ce, "To ki riƙa tunawa da ita duk lokacin da aka ajiye miki kitse." Na fito ina cewa a raina yaran yanzu ba su da ta-ido, amma maganar ta biyo ni har gida.

Ba a banza na tsani tafasa ba. A Dakko aka haife ni, cikin ƙasar Bakura. Mu uku ne wurin Innarmu: Yaya Tumba, ni, sai Maryama da ke goye. Ina 'yar yarinya, ban kai aure ba balle hankali, aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Abin da aka girbe bai cika rabin rumbu ba. Muka lallaɓa shi da rani, ana auna tsaba da tafin hannu, amma kafin bazara ta yi nisa Baba ya shiga rumbu ya fito da ƙura a gwiwa. Zafin bazarar nan har yau ina jin sa a tafin ƙafata. Ƙasa ta yi tauri, rijiya ta yi nisa, guga yana dawowa da laka. Da rana tsaka garin yakan yi tsit, ko kaza ba ta motsi, mu kwanta a zaure a kan ƙasa muna juya gefe don neman wurin sanyi.

Iri kawai ya rage. Baba ya zuba shi a tulu ya liƙe bakin da laka, ya ce duk wanda ya taɓa ya ci shekara mai zuwa. Ranar da ruwan farko ya sauka muka fita tsakar gida muna tsalle, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shiga har cikin ƙirji. Washegari gari duka ya watse gona. Baba yana gaba yana sara da sungumi, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙoƙon iri yana hannuna, cikina yana kuka, ina zuba abinci a rami ina take shi. Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan wuya ba.

Daga nan aka shiga noma da ciki wayam. Baba yakan yi ƙwadago a gonar masu hali da safe, a ba shi ɗan abin da aka ba shi na dawa ko dusa, da yamma ya ja ƙafa zuwa tamu. Ana gayya duk da haka, don ciyawa ba ta san ana yunwa ba. Maza su jeru da hauya, makaɗi yana zuga su, yau gonar wannan gobe ta wancan. Sai dai furar gayya ta shekarar, in ka ɗebo kana ganin gindin ludayi. Ba wanda ya taɓa faɗa. A sha, a goge baki, a ce Allah ya yi albarka.

Sai marka ta kama. Ruwa ba dare ba rana, siriri, ba ya tsayawa. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa yana sa hawaye, katanga tana zubewa gefe-gefe, tufafi ba sa bushewa sai wari. Gonaki sun yi kyau ƙwarai, gero ya fi Baba tsawo, ko'ina kore, amma babu abin sawa a baki. A nan tafasa ta zama uwa ta zama uba. Ni da Yaya Tumba mu fita da ƙwarya cikin yayyafi mu tsinko, Inna ta dafa da kanwa, ta matse, ta barbaɗa gishiri. In an yi sa'a a haɗa da dusa. Babu ƙuli, babu mai, babu albasa. Da safe ita, da yamma ita. Warinta ya kama hannuwanmu da gashinmu, cikinmu ya kumbura yana ƙugi, ƙafafu kuwa sai ƙashi.

Innarmu mace ce mai riƙon asiri. A wurinta yunwa ba ta kai a san kana yunwa ciwo ba. Tana da wani ɗan gwangwani da ta ɓoye a bayan jeren kwanoninta, cikinsa kakide ne, narkakken kitsen ragon layya da ya daskare, bai fi a ɗebe da cokali ba. Duk safiya kafin mu fita rijiya sai ta kira mu ɗaki, ta dangwala da ɗan yatsa, ta shafa mana a leɓe har ya yi ƙyalli.

"To, ku tahi," take cewa. "Kowa yag gan ku shi san an ci an ƙoshi gidanku. Kada ku lashe."

Kada ku lashe! A sa wa yaron da ya kwana da tafasa kitse a ƙarƙashin hanci, a ce kada ya lashe. Ƙanshin nama yana bin ka duk inda ka juya, miyau yana cika baki. Ni kam ban taɓa kaiwa bakin zaure ba, na lashe abina tas. Yaya Tumba kuwa ko sau ɗaya. Takan tafi da leɓe a ɗan buɗe, kai a sama, tulu a ka, ta je ta dawo da maiƙonta yadda aka sa shi. In ta waiga ta ga nawa ya bushe, sai ranƙwashi.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, kowa Gwaggo Ige yake ce mata. Ɗanta falken shanu ne, ya aiko mata da hatsi daga kasuwar Mafara, ita kuma ta shiga rabawa a ɓoye. Ba ta tambayar kowa ko yana da buƙata, don tambayar kanta cin fuska ce. Sai ta zauna kusa da rijiya tana duban yara. Gidan da ta ga alama, da yamma a ga ƙwarya rufe da faifai ta shiga. Ran nan Yaya Tumba ta tsare ni tun daga ɗaki, ta riƙe mini hannu tana zare ido, ban samu na lashe ba. Muna isa Gwaggo Ige ta kira ni, ta kama haɓata ta ɗaga, ta dubi bakina.

"Ku kam alhamdu lillahi," ta ce. "Gidanku ana ɗora tukunya. Allah shi ƙara ruhin asiri."

Da yamma ina zaune a bakin zaure na ga ƙwaryar ta taho. Ta wuce ƙofarmu ta shiga gidan gaba. Na ruga na gaya wa Inna abin da Gwaggo ta ce da abin da na gani. Tana matse tafasa a lokacin. Hannunta ya tsaya, ta daɗe tana kallon ƙwaryar gabanta. Washegari da safe ta kira mu ɗaki ta buɗe gwangwani.

Nonon Inna ya ƙafe a cikin markar nan. Aka koma ba Maryama ruwan dusa da aka tace, tana sha tana mayarwa. Ni nake goyonta in Inna tana aiki, kuma kullum sai in ji ta ƙara sauƙin ɗauka. Kukanta ya koma kamar na 'yar mage, daga baya ma ta daina. Ta rasu da hantsi ana yayyafi, gero ya riga ya fid da kai. Ba a daɗe ba tumu ya nuna. Baba ya karyo zangarniya ya gasa mana a bakin murhu, muna murzawa muna hurawa muna watsawa a baki da zafinsa. Daɗinsa ba ya faɗuwa. Inna ta karɓi nata ta riƙe har ya huce.

Tun a lokacin na yi wa kaina alkawari: in na girma, maiƙon bakina na gaskiya ne, ba na shafe ba, tafasa kuwa ni da ita har abada. Da masu neman aure suka fito, na zaɓi mahauci ido buɗe, ƙawaye suna ta tsiya wai tsire na aura. Ban musa ba. Alhaji mutumin kirki ne, amma ba zan ce ƙanshin rigarsa bai taimaka masa ba. Na ci kitse, na fasa ƙashi na tsotse ɓargo, na ci kan sa da ƙafarsa, tuwo sai man shanu ya kwanta a kai. Jiki ya buɗe, mutane suna cewa Luba an samu wuri. Wadda ta fi kowa murna Yaya Tumba ce. Ita a Kaya ta yi aure, ta wajen Maradun, gidan noma, har yau siririya kamar muciya. In ta zo biki sai ta zauna kusa da ni tana gyara mini mayafi, tana duban mata ɗaya bayan ɗaya, wato ku gani, gidanmu ba a san wahala ba.

To wannan Lubar ce aka ce ta koma tafasa. Na yi kwanaki ina zagin likitar a zuci. Ran nan da azahar na zauna a kujerar roba, na dubi tabarma, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce yunwa ba ta kashe ni ina yarinya ba, ƙoshi ba zai raba ni da sujada da tsufana ba. Na ɗauki kwando na zagaya kango.

Na kai loma ta farko baki. Warin nan dai shi ne, bai canza ba, sai na ji kamar nauyin Maryama a bayana. Na ajiye kwano na yi kuka mai isata, sannan na ja shi na cinye. Yanzu da albasa nake yi da tumatir da ɗan ƙuli kaɗan, ba irin ta Inna ba ce. Wata rana zogale, wata rana rama. Alhaji yana kawo mini tsoka zalla, ya zauna da wuƙarsa yana feɗe kitsen yana mita, wai shekara da shekaru yana zaɓo wa matarsa wuri mai kyau, yau an mai da shi mai kawo abin da masu saye suke rainawa. Dafawa nake yi ko gashi, ba suya. Tuwon yamma tun rana ba ta faɗi ba nake cin nawa, a ɗan kwanon da jikokina suke ci, sannan in zagaya tsakar gida maimakon in miƙe a gado. Shayi mai kauri da lemon kwalba na sallame su. Ba zan yi ƙarya ba, in ana suya a gidan nan har yau miyauna yana tsinkewa.

Sannu a hankali wutar ta fara lafawa. Zane ya fara zagaye ni da saura. Wata la'asar na ture kujera gefe na gwada, na kai goshi ƙasa ina jiran ruwan tsamin nan, bai zo ba. Na daɗe ban ɗago ba. Ƙanshin kabar tabarma kawai nake shaƙa.

Amma gari ba ya barin mutum ya rame lafiya. Wasu suka ce ciwon sukari ne, wasu suka ce sammu, wasu suka ce kasuwa ce ta juya wa Alhaji baya ake ɓoyewa. Maganar ta yi tafiya har Kaya. Ana haka matar ɗana ta haihu, aka sa suna.

Ranar suna gida ya cika. Abokan sana'ar Alhaji kowa ya aiko da nasa, ban da ragon suna. Manyan tukwane suna kan wuta ana suya, ana tsiyaye kitse a roba yana daskarewa. Yaya Tumba ta iso da hantsi, na tare ta a tsakar gida.

"Maraba da mutanen Kaya. Kun taho lahiya?"

"Lahiya lau. Mun ishe ku lahiya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. An samu ƙaruwa, Allah shi raya."

"Amin. Ina maigidan, ina ɗiya?"

Tana amsawa, amma idonta yana kan wuyana da damatsana. Ta yi haƙuri har aka yi azahar aka fara fitar da abinci, sannan ta ja ni ɗaki ta saki labule.

"Luba, hwaɗa mani gaskiya. Mi yas same ki? In gidan ga ya karye na, ni ba bare ta ba."

"Ba abin da yas same ni sai lahiya, Yaya. Likita tac ce in bar maiƙo."

Sai ta hangi kwanona a rufe a gefen gado. Ta buɗe, ta yi maza ta rufe kamar ta ga abin kunya.

"Tahwasa? Ranar sunan jikanki, cikin gidan mahauta? Inna ta sha wahala ta ruhe muna asiri, har ta koma ga Allah ba wanda yat taɓa cewa ya ba mu sadaka. Ke ki tashi rana tsaka ki tone?"

Ta fita fuu, ta dawo da kakide a kan ɗan yatsanta.

"Ko ba ki ci, kawo bakinki. Leɓunanki sun bushe kamar na mai azumi, ga mata cike da gida, kowa ido."

Hannun ya taho daidai yadda na Inna yake tahowa, har da ɗan karkata kai. Saura kaɗan in miƙa baki, don jiki bai manta ba. Sai na kama wuyan hannunta. Ban taɓa riƙe hannun Yaya Tumba don in hana ta wani abu ba sai ranar.

"Yaya, kin tuna ƙwaryar Gwaggo Ige? Ajalin Maryama ya yi, ban musa ba. Amma wagga ƙwarya ta wuce ƙoharmu sabadda wanga maiƙo. Ban ga laihin Inna ba, abin da tas sani ke nan. Ni kau na gaji da baki na ƙyalli ciki na cin wuta. Goshina ya koma ƙasa, Yaya. Ba ni sake ɗauke shi sabadda idon mata."

Na sake ta, na ɗauki kwanona na fita. A tsakiyar mata na zauna, inda aka jera tiren nama, na buɗe. Wata maƙwabciyarmu, matar dillalin shanu, ta leƙo ta kama haɓa.

"Hajiya Luba, mi muka gani haka? Lahiya dai ko? Duk kin zube."

Na ɗaga murya yadda na can ƙofa za su ji. "Da gangan na zube, Hajiya. Ƙiba ta hana ni sujada, na kore ta. Kasuwar Alhaji na nan lahiya lau, ga shaida nan gabanki, ki ci ki ɗiba ma yara. Wagga kau tahwasa ta, kango na tsinko ta da hannuna."

Wasu suka yi dariya, wasu suka taɓe baki, wata tsohuwa ta ce Allah shi kyauta. Na naɗe hannun riga na ci abina a gabansu, loma bayan loma, har na suɗe kwano. Kunya ko ta ƙwayar gero ban ji ba.

Da aka kira la'asar na yi alwala na koma ɗaki. Yaya Tumba tana nan a bakin gado inda na bar ta. Hannunta yana kan gwiwa, ɗan yatsan a sama don kada ya ɓata zane. Kakiden ya yi laushi yana gangarowa. Ba ta goge ba, ita da ba ta taɓa zubar da ko ƙwayar tsaba ba. Na shimfiɗa tabarma na yi sallata a gabanta, goshi a ƙasa, ina jin idonta a bayana. Da na sallame na juyo.

"Yaya," na ce, "ba kowa nan sai ni. Lashe."

Ta dubi labule. Ta dube ni. Sannan ta kai yatsan baki a hankali, ta rufe ido, hawaye suka gangaro ta cikin tamojin fuskarta.

"Kullum ina son in lashe, Luba," ta ce. "Kullum."